Tashar jirgin Mangoase: me ya kafa ta, me ya kashe ta, kuma ko jirgi zai sake tsayawa?

"Assalamu alaikum Baba. Ni haifaffiyar Nima ce a nan Accra, amma mahaifina yakan ce a zangon Mangoase aka haife shi, dab da tashar jirgi, wai kuma tashar ce ta zaunar da marigayi kakanmu a garin. Kwanan baya na je ganin wurin, sai na tarar da tsofaffin gine-gine, ciyawa ta cinye layin dogo, ba jirgi ba alamarsa. Don Allah mene ne tarihin wannan tasha, wane aiki take yi a da har mutum zai baro Arewa ya zauna dominta? Kuma idan an gyara layin kamar yadda ake ta faɗa, jirgi zai sake tsayawa a can?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya jiƙan kakanki, ya kai haske kabarinsa. Tambayarki uku ce a ƙunshe: yadda aka yi tashar ta samu, abin da take yi lokacin da take da rai, da kuma ko za ta farfaɗo. Na shiga aikin reluwe ina saurayi, na fara da akawun tikiti da kaya, na ƙare ina riƙe da tasha, kuma mafi yawan aikina a ƙananan tashoshin layin gabas na yi shi, tsakanin Nsawam da Nkawkaw. Yanzu ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, ina cin ɗan fanshona. Abin da zan fara gaya miki shi ne, irin waɗannan tashoshi ba don fasinja aka gina su ba. Kaya ne ya kafa su, sai kuma buƙatar jirgin kansa. Fasinja daga baya ya samu shiga. In kin riƙe wannan, sauran amsar za ta zo miki da sauƙi.

Yadda dogo ya iso Mangoase

Layin dogo na farko a ƙasar nan ta Ghana ba daga Accra ya tashi ba. Daga Sekondi aka fara shi a 1898, kuma zinariya ake bi. Ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903. Accra, duk da ita ce hedkwatar mulki, sai da ta jira har aka samu abin da zai biya kuɗin ƙarfe da kwal, kuma wannan abin shi ne koko, wato wanda ake yin cakulan da shi.

Kin dai san labarin Tetteh Quarshie, wanda ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Ƙasar kan dutsen Akuapem ba ta da yawa, don haka daga shekarun 1890 manoma suka riƙa gangarowa, suna ƙetare kogin Densu, suna sayen daji a hannun sarakunan Akyem suna sarewa suna dasa koko. Mutanen Krobo da na Shai ma suka bi sahu. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gold Coast, wato Ghana ta yau, fitar da koko a duniya. Matsalar ita ce kai shi bakin teku. A Arewa da sai a ce a kawo jakuna, amma a kurmi ƙudan tsando ba ya barin jaki ko doki ya yi tsawon rai. Saboda haka a ka ake ɗauka, kaya ɗaya laba 60, wato wajen kilo 27, ko kuma a ɗura shi a manyan gangunan katako, ƙarti su yi ta mirginawa a kan hanya har Accra. Ki ƙiyasta mutum nawa ake buƙata kafin a kai tan ɗaya.

A 1909 aka fara aikin layin daga Accra. A 1910 ya isa Nsawam, tafiyar wajen kilomita 40. Daga nan ya bi kwarin Densu ya wuce Pakro, ya isa Mangoase kafin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, sannan ya kai Koforidua a 1915. Yaƙin ya rage wa aikin gudu, sai a 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, aka haɗe shi da Kumasi, tsawonsa kilomita 300 da 'yan kai. Faɗin layin ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067, irin na tsohon layin Najeriya.

Abin da ya ɗaga Mangoase shi ne ta yi wani ɗan lokaci tana ƙarshen dogo, kuma a tsakiyar sababbin gonakin koko. Garin da dogo ya tsaya a kansa, duk kayan da ke bayansa dole su sauka a nan. Kamfanonin Turawa masu sayen koko, irin su Cadbury da John Holt da kamfanin ciniki na mishan ɗin Basel, daga baya kuma UAC da aka kafa a 1929, al'adarsu ce su bi layin suna kafa sito da sikeli a duk tashar da kaya ke taruwa, kanti a ƙasa, wakili yana kwana a sama. Tsofaffin benayen da kika gani suna zubewa a garin, na wancan zamani ne. Manoman da suka samu kuɗi su ma suka yi gini. Daga tasha koko ya nufi Accra, inda a lokacin babu tashar jiragen ruwa mai zurfi, sai dai a loda buhuna a kwale-kwale a kai wa jirgi can cikin teku. Takoradi sai a 1928 aka buɗe ta, Tema kuwa sai 1962.

Abin da ƙaramar tasha take yi

Nan ne na fi sani, don haka ki yi haƙuri in na daɗe.

Layinmu ƙwaya ɗaya ne. Jirgin da ya taso daga Accra da wanda ya taso daga Kumasi a kan ƙarfe ɗaya suke tafe, suna fuskantar juna. To a ina za su wuce juna? A tasha. Kowace 'yar tasha tana da layi na biyu a gefe, wanda ya rabu da babban layi a wannan baki ya koma masa a wancan. Jirgi ɗaya ya shiga gefe ya jira, ɗayan ya wuce. Wannan shi ne dalilin da ya sa kike ganin tasha a wuraren da ko gida ashirin babu. In tazarar da ke tsakanin tashoshi biyu ta yi tsawo, jirgi zai daɗe yana jiran ɗan'uwansa, jiragen da layin zai iya ɗauka a yini su ragu. Don haka ko da Mangoase ba ta da buhu ɗaya na koko, da an yi tasha a wajajen nan.

Babban aikin mai riƙe da tasha kuwa shi ne kada jirgi biyu su shiga tsakanin tasha da tasha lokaci guda. Direba ba ya tashi sai an danƙa masa izinin hanya a hannu. Wani ɗan ƙarfe ne da ake zarowa daga na'ura, na'urar tana haɗe da 'yar'uwarta ta tasha ta gaba da waya, kuma an ƙera su yadda in an zare ɗaya a nan, ba za a iya zare wani a can ba sai na farkon ya isa an mayar da shi. Sai ka buga wa maƙwabcinka ka nemi hanya, ya amsa, ka zare, ka rubuta lokaci a littafi, mai juya layi ya je ya saita hanya ya kulle, a ba da alama, da rana tuta, da dare fitila. Bayan da wayoyi suka lalace, wasu kuma aka sace, sai aka koma rubuta izinin a takarda bayan an yi magana da tasha ta gaba. Ta fi haɗari, domin na'ura ba ta mantuwa, mutum kuwa yana yi. A irin wannan dare mutum ba ya runtsawa, ko da jirgi ɗaya ne tak zai wuce kafin asuba.

Sai ruwa. Kan jirgi na zamanin kwal ruwa yake sha kamar ba gobe, don haka tashoshin da ke kusa da kogi suna da daraja ta musamman, a kafa tanki a sama, a sa mai famfo. Layin nan ya yi sa'a da Densu a gefensa. Kwal ɗin kuwa daga Inugu ta Najeriya ake kawo shi ta teku.

Kaya su ne kuɗin. Akwai wani guntun layi da yake ƙarewa a bakin sito, inda ake ajiye wagunu a loda shi. Kakar koko tana kamawa daga watan Oktoba, daga nan har bayan Kirsimeti ba ka da lokacin kanka. Wakilin kamfani zai nemi wagunu, ka aika saƙo a turo, leburori su loda, a ƙirga, a rufe ƙofa a buga hatimin dalma, ka rubuta takardar kaya: daga ina, zuwa ina, nauyi nawa, wa ya biya. A zamanina buhu 16 ne tan ɗaya. Rigimar da ta fi yawa ita ce ta wagunu, domin kullum ba ya isa, kowa kuma yana ganin nasa kayan ne ya kamata a fara ɗauka, kuma ba a rasa mai zuwa da ɗan abin goro a aljihu don a tuna da shi. Jirgin da ya kwashe koko ba ya dawowa wayam. Kwanon rufi, siminti, gishiri, kananzir, atamfa, sabulu, busasshen kifi, duk ta tasha suke shigowa gari. Banda manyan kaya akwai ƙananan ƙunshi da ake sakawa a taragon mai kula da jirgi: kwandon kaji, keken ɗinki, buhun garin rogo da uwa ta aika wa ɗanta ɗan makaranta.

Jakar wasiƙu ma a jirgi take zuwa, kuma kafin tarho ya yaɗu, wayar tangarahon reluwe ita ce hanya mafi sauri ta aika labarin rasuwa ko haihuwa. Agogon tasha shi ne agogon gari. Na sha ganin ladan ya turo yaro ya duba mana lokaci a ranar da hadari ya rufe rana.

Na fasinja kuwa iri biyu ne. Akwai mai tsayawa kowace tasha, wanda shi ne na talakawa da 'yan kasuwa, akwai kuma mai sauri da na dare mai ɗakin kwana tsakanin Accra da Kumasi, waɗanda manyan tashoshi suka fi tsayawa. Tikitin ɗan kwali ne mai kauri, da sunan tasha da lamba a jiki, ka buga masa kwanan wata da ɗan inji. Kowane dare sai ka lissafa lambobin da suka fita ka gwada da kuɗin da ke akwati, in ya gaza ko da pesewa ne, daga albashinka. Matan da suke kai rogo da ayaba da manja da lemo kasuwannin Accra su ne fasinjojinmu na kullum, kuma sun fi mu sanin jadawalin. In sun dawo kuwa, da wuya ki ga wadda ba ta riƙe da burodin Nsawam.

A bayan duk wannan akwai mutanen da ba a ganinsu, leburorin gyaran layi. Kowace ƙungiya da helumanta da yankin da aka ba ta. Da sassafe mutum ɗaya zai bi layin a ƙasa da guduma, yana duba kusoshi da katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe, yana duba ko ruwa ya ci ƙasa. A kwarin Densu, da damina, wannan dubawa ita ce tsakanin jirgi da faɗuwa. Gidajensu suna nan jere kusa da tasha, kuma da yawansu mutanen Arewa ne da na ƙasashen renon Faransa.

Me ya zaunar da Bahaushe a nan

Duk inda aka ce akwai sito da sikeli da albashi a ƙarshen wata, zango zai tsiru. Manomin Akuapem yana da gona, amma yana buƙatar mai ɗauko masa kaya daga gona zuwa sikeli. Kamfani yana buƙatar mai gadi da masu lodi. Duk waɗannan mutane suna buƙatar nama, ga mahauci ya samu wuri. Suna buƙatar aski, ga wanzami. Matan zango suka kafa tukwanen koko da ƙosai da waake da tuwo a bakin tasha, mai tsire ya hura wutarsa da yamma. Da an kai gida goma sai a nemi malami, a tayar da masallaci, a naɗa sarkin zango da yardar sarkin gari, wanda shi ne mai ƙasa.

Amma abin da ya fi jawo Bahaushe musamman shi ne goro. Kakanninmu sun daɗe suna fataucin Gwanja, ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato ya yi watanni kafin ya isa Salaga, ya sayi goro ya juya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, 'yan kasuwa suka gangaro kudu, cikin kurmin da goron yake fitowa. Da dogo ya samu, hanyar ta juye gaba ɗaya: a sayi goro a ƙauyukan Asante da Akyem, a ɗaure huhu, a sa a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai Ikko, daga can kuma wani jirgin ƙasan ya kai Kano, wadda dogo ya isa a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta makonni. Alhassan Dantata da kansa ya yi zaman fatauci a ƙasar nan, yana cikin masu aika goro Ikko ta teku, kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa.

Goro kaya ne mai rai. In ya sha zafi ya bushe, in ganyen ya ruɓe ya lalace, in ƙwaro ya shiga huhu ɗaya sai an kwance an tsince. Saboda haka mai goro ba ya son zama nesa da tasha. Yana son maigidan da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya a inuwa, ya san ma'aikatan tasha, ya san ranar da za a samu wuri a wagunu. Mutane da yawa da suka zo da niyyar kaka ɗaya, a haka suka zama masu gida, suka yi aure, suka haifi irin mahaifinki. Ko kakanki ɗan goro ne, ko mahauci, ko ma'aikacin layi, maganar mahaifinki gaskiya ce: tashar ce ta zaunar da shi.

Abin da ya kashe ta

In kika tambayi mutane a gari za su ce gwamnati ce ta yi sakaci. Akwai gaskiya a ciki, ni ma na ga sakacin da idona. Sai dai a ganina Mangoase ta rasa kayanta tun kafin ta rasa jirginta, kuma tsakanin biyun akwai shekaru masu yawa.

Bugu na farko mai sauƙi ne: dogo ya wuce gaba. Da ya isa Koforidua da Tafo, kayan da a da dole su sauko Mangoase suka samu tasha a kusa da su. Bugu na biyu shi ne mai tsanani. A 1936 aka gano cutar kumburin reshen koko a yankin Koforidua, cutar da wani ɗan farin ƙwaro yake ɗauka daga itace zuwa itace. Ita ce ta sa aka kafa cibiyar binciken koko a Tafo a 1938. Ba ta da magani sai sare itacen, kuma tilasta wa manoma sarewa yana cikin abubuwan da suka hura wutar tarzomar da aka yi wa Turawan mulki a 1948. Tsofaffin gonakin kwarin Densu su ne suka fi shan wuya. Manoma suka kwashi kuɗinsu da iyalansu suka nufi Asante da Ahafo, daga baya Sefwi, inda akwai sabon daji. Ƙasar da ta yi koko ta koma ta rogo da masara. Rogo kuwa yana cika kwandon 'yar kasuwa, amma ba ya cika wagunu.

Sai mota. Tun a shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta ga lori yana ƙwace wa reluwe koko, har ta yi dokar hana ɗaukarsa a wasu hanyoyi don ta kare jirgi. Dokar ba ta ɗore ba. Lori yana zuwa har bakin gona, jirgi kuwa sai an kawo masa. Abin da ya ƙara wa Mangoase ciwo shi ne babbar hanyar Accra zuwa Kumasi ta bi ta Nsawam da Suhum, ta bar ta a gefe. Ki duba Nsawam da Nkawkaw: su ma jirgi ya daina zuwa musu kamar da, amma suna kan titi, don haka suna nan da ransu. Garuruwan da dogo kaɗai suka dogara da shi, irin su Pakro da Mangoase, su ne suka kwanta.

Injin dizal, da aka fara kawowa a shekarun 1950, ya rage buƙatar tsayawa shan ruwa. Zango kuma ya sha nasa bugun daban a watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Gidaje da yawa a zangunan kan layi a lokacin aka rufe su, wasu aka sayar da arha, waɗanda suka rage kuma 'ya'yansu suka nufi Nima da Mamobi da Sabon Zango neman aiki. Ina zaton a wannan guguwa ko bayanta kaɗan gidanku ya koma Accra.

Shekarun 1970 zuwa 1983 kuwa kowa ya san halin da ƙasa ta shiga. Babu kayan gyara, a cire na wannan inji a sa wa wancan, jirgin da aka ce ƙarfe takwas na safe ya zo bayan la'asar. Da aka samu rancen gyara a shekarun 1980, layin yamma, wato na Takoradi zuwa Kumasi, aka fi bai wa ƙarfi, kuma ta fuskar lissafi ba a yi laifi ba, domin can ne manganis na Nsuta da bauksit na Awaso suke, kaya masu nauyi da suke biyan kuɗi kowace rana. Layin gabas ya yi ta jan ƙafa har farkon shekarun 2000, jirgin fasinja ya daina wuce Nsawam. Layin da jirgi ba ya bi kuwa ba ya jira. Ciyawa ta fara, ɓarayin ƙarfe suka biyo, masu gini suka ƙarasa. Ba a ƙauye kaɗai ba: ki dubi yadda kasuwar Kantamanto ta rungume tashar Accra, nan Kumasi ma teburan 'yan kasuwa a kan ƙarfen suke.

Ko jirgi zai sake tsayawa

Ni mutumin zirga-zirgar jirage ne. Zana hanya aikin injiniyoyi ne, yanke hukunci kuma na gwamnati da masu ba da bashi, don haka ki ɗauki abin da zan faɗa a matsayin ra'ayin wanda ya ga yadda ake buɗe tasha da yadda ake rufe ta.

Akwai motsi, ba a ce babu ba. An kafa hukumar raya layin dogo da dokar 2008, an yi ma'aikata ta musamman a 2017, kuma a Nuwamban 2024 an ƙaddamar da sabon layi daga Tema zuwa Mpakadan, kilomita 97. Sai dai ki lura, wannan sabon layi mai faɗin milimita 1,435 ne, kuma irinsa ake shirin yi tsakanin Accra da Kumasi. Ba gyaran tsohon ba ne, sabon gini ne. Tsohon layin an shimfiɗa shi yana bin kogi yana kewaye tudu, don a rage haƙa da gadoji, shi ya sa yake da lanƙwasa da yawa. Jirgi mai gudu ba ya son lanƙwasa, don haka sabon layi yakan miƙe, ya bar tsohuwar hanya a wurare da dama. Kuma dalilan nan biyu da suka haifi ƙananan tashoshi duk sun raunana. Ba a shan ruwa. Wurin wucewar juna kuma yanzu ana iya sarrafa shi daga ɗaki ɗaya mai nisa, ba sai an zaunar da mutum da iyalinsa a daji ba. Kayan da ake hari su ne kwantena daga Tema zuwa tashar tudu ta Boankra kusa da Ejisu, da ma'adinai, ba buhu hamsin na wani ƙauye ba.

Saboda haka in an gina babban layin, abin da na fi zato shi ne jirgi ya tsaya a Nsawam da Koforidua da Nkawkaw da Konongo, ƙananan kuwa su ji ƙararsa kawai. Abin da zai iya dawo da rai Mangoase wani abu ne daban, mai araha kuma: jirgin kusa, irin wanda ya riƙa kai-komo tsakanin Accra da Nsawam yana tsayawa Achimota da Dome da Amasaman da Kotoku, a miƙa shi zuwa Koforidua. Accra tana ta faɗaɗa ta wannan fuska, haya a cikin gari ta gagari talaka, kuma duk wanda ya taɓa kwana a cunkoson hanyar Nsawam ya san akwai fasinja. Irin wannan jirgi shi ne yake buƙatar ƙananan tashoshi, domin da su yake cika. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya zo a kan lokaci kowace rana. Na Nsawam ɗin ma abin da ya yi ta kayar da shi ke nan: a gyara, a yi biki, ya yi 'yan watanni ya tsaya, mutane su koma motocin haya na trotro.

Abin da mutanen gari da na zango suke da iko a kai shi ne fili. Ƙasar da ke gefen layi da harabar tasha ta reluwe ce, wato ta gwamnati. Duk wanda ya sayar miki da fuloti a nan ya sayar miki da rigima, ranar da aka tashi aiki rusawa za a yi. Kuma garin da ya bar harabar tasharsa a buɗe ya fi wanda ya cike ta da gini samun a saurare shi in an zo rabon tashoshi.

Game da kakanki, in kina son bin sawunsa, fara da gano sana'arsa a wurin mahaifinki ko gwaggwanninki. In ma'aikacin reluwe ne, yana da lambar aiki, kuma takardun ma'aikata a Sekondi da Takoradi suke, inda hedkwatar reluwe take tun asali. Tsofaffin rahotannin shekara-shekara na reluwe, masu nuna kayan da layin ya ɗauka, ana neman su a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, PRAAD, can Accra kusa da ku. In kuwa ɗan kasuwa ne ko mahauci, ba za ki same shi a takardar gwamnati ba, sai a bakin mutane. Ki koma ranar Juma'a, ki tafi da wani babba namiji daga danginku, ku fara gaida sarkin zango da liman da ɗan goronku kafin ku tambayi kowa. Ki tafi da laƙabinsa da sunan garin da ya fito da sunan matarsa, domin a zango da laƙabi ake sanin mutum, kuma tsofaffin mata sun fi maza riƙe wa ya auri wa. Ki nemi izini ki ɗauki muryarsu a waya, ki kuma roƙa a nuna miki maƙabartar Musulmi ta garin.